Ma'aikacinka ya manyanta: a gyara masa wurin aiki, a rage masa lokaci, ko a sauya masa aiki?

Shekara 60 da ake cewa ita ce lokacin ajiye aiki, magana ce ta waɗanda sunansu ke rubuce a asusun CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na Nijar, kuma a Maraɗi su ne ƴan tsiraru. Telan da ke bakin babbar kasuwa, da ɗan dakon da ke sauke buhunan wake da aya a mangaza, da makanikin gareji, da direban babbar mota, da dattijuwar da ke matsar man gyaɗa, babu wanda ya yanka musu ranar tsayawa. Suna yi ne har ranar da jiki ya ce ya isa. Kafin wannan rana kuwa akwai wasu shekaru, wani lokaci goma ko fiye, da mutum bai gaza ba, amma kuma ba ya yi yadda ya saba. A nan ne maigida ke shiga tsaka mai wuya: ga mutumin da ya yi masa hidima tun kansa babu furfura ko ɗaya, ga kuma aiki da ba ya jiran kowa.

Abin da aka saba yi biyu ne. Ko a ce, "Baba, ka koma gadi ka huta," ko a haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa a sallame shi. A ganina duka biyun ana yin su ne da gaggawa, don a rabu da nauyin magana. Akwai hanyoyi uku da ya kamata a auna tukuna: a bar shi kan aikinsa a gyara wurin da kayan aikin, ko a bar shi kan aikinsa a taɓa lokacin, ko a ɗauke shi daga aikin a ɗora shi kan wani. Ba kuɗi ɗaya suke ci ba, ba kuma ciwo ɗaya suke magani ba.

Kafin a zaɓa sai an san abin da ya ragu, domin tsufa ba ya zuwa wa mutum gaba ɗaya. Ido ne yakan fara: daga shekara 40 zuwa 45 ganin abu na kusa yake soma dusashewa, kuma ɗan shekara 60 yana buƙatar haske ninki biyu ko uku na abin da ya ishi ɗan shekara 20 kafin ya ga abu ɗaya. Kunne yana rasa siraran sautuka, musamman ga wanda ya shekara da shekaru kusa da injin niƙa ko janareto. Tsoka tana raguwa a hankali tun bayan shekara 30, ta ƙara sauri bayan 60. Sai kuma wanda ya fi damun mu a nan, wato zafi: jikin dattijo ba ya fitar da gumi kamar na saurayi, kuma ƙishirwa ba ta yi masa gargaɗi da wuri. Abin da ba ya raguwa shi ne sanin aiki da sanin mutane. Tsohon makaniki daga jin kukan inji ya san inda cutar take. Tsohon yaron mangaza ya san wane ɗan kasuwar Jibiya ne ke biyan bashi ranar da ya ce, wane ne sai an bi shi har gida.

Gyaran wuri

Wannan ce hanyar da na fi son a fara da ita, kuma ita ce aka fi mantawa. Dalilin mantawar shi ne idan aiki ya yi wa mutum wuya, mutumin muke kallo, ba ma kallon inda muka ajiye shi.

Shiga shagon ɗinki da la'asar ka tsaya ka duba babban telan. Kekensa yana can ƙuryar ciki inda ya zauna tun ranar da aka buɗe shagon, yaran kuwa su ne a bakin ƙofa inda haske yake. Zai ɗaga allura sama, ya miƙa hannu nesa da fuska, ya lashi bakin zaren, ya gwada sau ɗaya, sau biyu, sannan ya ce, "Kai yaro, zo sa mini zaren nan." Yaron ya bar nasa aikin ya zo. Baƙin yadi kuwa idan aka kawo, sai ya tura wa wani, ya ce shi yau kansa ke ciwo. Mai shago yana ganin haka sai ya yanke cewa Malam ya tsufa. Alhali abin da ya same shi bai wuce tabarau na karatu da fitila mai kyau a kan keken ba, da kuma a mayar da shi kusa da taga. Kujerar ma benci ce marar majingina, ya dunƙule a kai tun safe. Kafinta zai haɗa masa mai majingina da tsayin da ya dace da keken a yini ɗaya.

Kada a raina tabarau. A jihar Assam ta Indiya an yi gwaji da masu tsinkar ganyen shayi ƴan shekara 40 zuwa sama, aka fitar da sakamakon a 2018: waɗanda aka bai wa tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin ɗari, waɗanda suka haura 50 kuwa da kusan kashi 32. Mai surfani, da baduku, da mai gyaran waya ko agogo, da mai rubuta lissafi, da matan da ke tsince tsakuwa daga aya ko riɗi, duk aikinsu na ido ne irin wannan. Abin lura kawai, a je likita a auna idon tukuna. Wanda aka saya a tire a bakin titi yana iya dacewa, amma idan yanar ido ce ta fara rufe shi ko hawan jinin ido ne, tabarau zai ɓoye cutar ne har lokaci ya ƙure. Fitila kuma a nemi mai caji da rana. Wanda ya ga yadda aka zauna a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba sai an yi masa bayani ba.

A mangaza matsalar ta baya ce da gwiwa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun siminti kilo 50 ne, buhun hatsi kuwa yakan kai 100, kuma mutum ɗaya ake ɗora wa a wuya ya hau katako da shi zuwa cikin mota. Saurayi ma cin bashin jikinsa yake yi, zai biya nan gaba. Gyaran nan ba na injiniya ba ne: kura ko baro mai ƙafar roba, dakali a bakin ƙofa da ya yi daidai da tsayin bayan mota yadda buhu zai gangara maimakon a ɗaga shi, faffaɗan katako mai matakala a madadin siririn da ke lanƙwasa, a rage tsayin jeren buhuna, a cike ramukan daɓe. A gareji kuma rami ne ko jak mai kyau, da ɗan gado mai taya da za a kwanta a kai a shiga ƙarƙashin mota, da teburin aiki a tsayin ƙugu don kada a wuni a tsugune. Sai rumfa, da randa ko tulu kusa da hannu, da makewayin da ba sai an tsallaka titi ba. Wannan na ƙarshen ba a son faɗarsa, amma dattijai da yawa suna rage shan ruwa ne da gangan saboda nisan makewayi, musamman masu shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari.

Manyan kamfanoni ma abin da suka gano ke nan. A 2007 kamfanin BMW ya ware layi ɗaya a masana'antarsa ta Dingolfing a Jamus, ya zuba masa ma'aikatan da matsakaicin shekarunsu 47, ya tambaye su abin da ke damun su. Suka kawo ƙananan gyare-gyare kusan 70: daɓen katako a madadin siminti, takalma masu sauƙi ga ƙafa, kujeru irin na aski da za a ɗan zauna ana aiki, gilashin ƙara girma, rubutu manya. Duka abin ya ci wajen yuro 40,000, wato sefa miliyan 26 da ɗoriya, wanda a wurin kamfani irin wannan kuɗin goro ne. Cikin shekara ɗaya aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Abin da na fi ɗauka a labarin ba kuɗin ba ne. Ma'aikatan ne suka faɗi abin da za a gyara, ba wani ne ya zauna a buro ya tsara musu ba.

Ribar wannan hanya a fili take. Kuɗin sau ɗaya ake kashewa. Albashin mutum bai taɓu ba, girmansa bai taɓu ba, domin ba a ce da shi ya gaza ba. Kurar da aka saya don Baba kuma yara ma da ita za su yi aiki, bayansu ya daɗe. Iyakarta ita ma a fili take: ba ta maganin zuciya mai rauni, ko ciwon suga da ya yi nisa, ko hannun da ya fara rawa. Kuma idan shagon na haya ne, mai gida ba lalle ya yarda a fasa masa bango a yi taga ba. Akwai kuma gardamar su dattijan kansu. Wani ka kawo masa kura ya ce shi ba rago ba ne, tun kafin a haife ka yake ɗaukar buhu. Maganin wannan shi ne a mai da abin dokar wuri ga kowa: daga yau babu mai ɗaukar buhu shi kaɗai, yaro da babba.

Taɓa lokaci

Akwai wanda idonsa garau, hannunsa daram, amma ba ya iya kai yini. Da safe ya fi kowa, bayan azahar sai a hankali. Wannan ba kujera yake buƙata ba, lokaci yake buƙata.

A nan abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya, alhali daban suke. Akwai sauya lokaci, akwai rage lokaci. Sauyawa kusan kyauta ce. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, magini ko mai walda ko mai buga bulo da ya fara bayan asuba ya tashi kafin rana ta take, ya dawo bayan la'asar, ya yi awowinsa cif, sai dai ya kauce wa tsakar rana. Manoman rani na Jiratawa ba su jira wani ya koya musu wannan ba. Idan azumi ya faɗo cikin zafi kuwa, abin ya wuce zaɓi. Matsalarsa ɗaya ce: wanda gidansa ke nesa zai biya kabu-kabu sau huɗu maimakon biyu, sai dai a samar masa inuwa da tabarma ya yi ƙailula a wurin.

Ragewa ita ce mai ƙaya, domin tana taɓa aljihu. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako, mafi ƙarancin albashi kuma tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. A ce mutum yana kan wannan, ka rage masa aiki rabi ka rage albashi rabi. Jika 21 ba za ta riƙe gida ba, kuma ɗan shekara 60 a garin nan sau da yawa yana da ƴaƴa ƙanana a makaranta, ga jikoki da aka kawo masa. Abin da zai faru shi ne zai tashi daga wurinka da azahar ya tafi neman dako a tasha, inda babu wanda ya san shi balle ya tausaya masa. Ka rage masa aiki a takarda, ka ƙara masa a zahiri.

Japan, inda tsofaffi suka fi yawa, ta bi wannan hanya da doka. Tun 2013 dole kamfani ya ci gaba da riƙe ma'aikacin da ke son aiki har shekara 65, daga Afrilun 2021 kuma aka ce su yi ƙoƙari har 70. Amma da yawa ana sake ɗaukar su ne da sabuwar yarjejeniya mai ƙarancin albashi, kuma kukan da ake yi ke nan a can. Su suna da fansho da ke cike giɓin. Mu mafi yawanmu babu.

Saboda haka ragewa tana yin kyau ne a wuri biyu. Na farko, inda mutum ke da wata madogara, gona ko ƴan awaki ko ɗa da ya kama ƙasa, kuma shi da bakinsa ya nemi a rage. Irin wannan sau da yawa abin da yake so shi ne a sake shi da damina ya duba gonarsa, ya dawo bayan girbi lokacin da kasuwar hatsi ke tashi, kuma wannan ya yi wa mai mangaza daidai. Na biyu, inda maigida zai iya rage awowi ba tare da ya rage kuɗi daidai da su ba, ya ɗauki bambancin a matsayin ladan shekarun da suka wuce. Wanda ake biya da yawan abin da ya yi, kuɗin buhu ko kuɗin riga, shi tsufa da kansa ke rage masa albashi ba tare da kowa ya ce uffan ba. Shawarar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar kan ma'aikata masu manyan shekaru a 1980 ta ambaci wannan, ta ce a duba mayar da irinsu kan biyan lokaci. A aikace ana iya yanka masa wani abu tsayayye a mako, sannan kuɗin buhu ya hau kai.

Ga wanda ke da rajista a CNSS akwai wani tarko. Ana lissafa fansho ne bisa albashin shekarun ƙarshe, don haka rage albashi gab da ritaya yana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Kafin a sa hannu a komai, a je ofishinsu na Maraɗi tare, a ce su buga lissafin duka biyun a gani.

Sauya aiki, da maganar gadi

Wannan ce hanyar da ta fi daɗin faɗa. Kowa ya san da tsohuwar zuma ake magani, sai a ce Baba ya daina ɗauka ya koma sa ido, ya daina ɗinki ya koma yanka da koyar da yara, ya sauka daga mota ya koma tsara lodi. Idan aka yi ta da gaske babu kamarta. A shagon ɗinki yanka ne ke ɓata yadi ko ya gyara shi, kuma wanda ya shekara 30 yana yi ba ya ɓarnar ko taƙi ɗaya. A mangaza wanda ke tsaye kan sikeli, ya soka buhu ya duba ko wake ya fara huji, ya san tiyar da aka danne da wadda aka cika, shi ke tsare dukiyar Alhaji fiye da masu ɗauka goma. Mata masu man gyaɗa sun daɗe da wannan tsari ba tare da sun sa masa suna ba: ƴan mata ke tuƙi da matsa, Inna ke duba suya, ita ke cewa a sauke, ita ke riƙe kuɗi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu ƙasashe da dama, sun nuna yadda asusu ɗaya zai iya sayen abin da mace ɗaya ba ta iya saya, kuma injin matsa ɗaya na iya tsawaita sana'ar dattijai mata da shekaru.

Amma sharaɗinta mai tsauri ne: sabon aikin ya zama aiki na gaske, mai iko. Idan ka ce Baba ne mai duba kaya, to in ya ce buhun nan bai shiga ba, kada ɗanka ya zo ya ce a shigar. Ranar da aka yi haka sau ɗaya a gaban yara, an gama da shi, ya zama mai zaman benci da ake gaisarwa. Sannan ba kowane gwani ne malami ba. Wani ya iya aiki amma ba ya iya bayani, wani zafin rai gare shi, wani kuma da gangan yake ɓoye sirrin sana'a domin yana tsoron ranar da yaro ya iya, ranar za a ce masa an gode. Wannan tsoron ba wauta ba ce, ya ga an yi wa wasu. In kana son ya buɗe cikinsa, sai ka ɗaura amfaninsa da na yaran: wani kaso a kan kowane aikin da ya fita daga hannun waɗanda ya koyar. Ƙaramin wuri mai ma'aikata uku ko huɗu kuma ba shi da kujerar mai sa ido, kada a yaudari kai. Aikin lissafi ma yanzu ya koma waya da takardun Faransanci, wanda ajami ya iya ko lissafin ka, sai an haɗa shi da yaro mai boko su yi tare.

Gadi kuwa, wanda shi ne aka fi tura dattijai, a ganina shi ne mafi munin zaɓi a cikin duka. Ana kiran sa hutu don ba a ɗaukar kaya, amma aikin dare ne. Mutumin da barcinsa ya riga ya ragu, ga hawan jini, ka hana shi kwanciya, ya sha sanyin hunturu a kan tabarma, ya sha sauron damina. Idon da ba ya ganin zare da rana shi ka ɗora wa gani cikin duhu, kunnen da ba ya jin kira shi zai ji motsin ɓarawo. Ita waccan shawara ta 1980 cewa ta yi a dawo da masu manyan shekaru aikin rana, mu kuma muna kai su dare. Ga shi zamani ya sauya, wanda ya san abin da mutanen Madarumfa da Gidan Rumji suka gani a hannun ƴan bindiga ya san sanda da tocila ba tsaro ba ne. Duk sanin da ya tara kuma ya tafi a banza, tunda mai gadi ba a tambayarsa komai. Tsaron ƙofa da rana, karɓar baƙi, riƙe mabuɗai, wannan daban ne, kuma yana da kyau ga wanda ya san fuskokin mutane.

Akwai inda sauya aiki ba zaɓi ba ne, wajibi ne. Direban da ke bin hanyar Yamai, sama da kilomita 600, ko ta Damagaram, idan hasken fitilar mota mai zuwa ya fara makantar da shi, ko suga na sa shi jiri, babu kujerar da za a gyara masa. Ran mutane ne a hannunsa. A fara da hana shi tafiyar dare da doguwar hanya, a bar masa Ɗan Isa ko Tasawa da rana, in likita ya ce a'a, ya sauka. Haka mai hawa sama wurin gini ko wurin jan waya. A nan tausayi shi ne a faɗi gaskiya da wuri.

To wace za a ɗauka?

Idan abin da ya ragu gaɓa ɗaya ce, ido ko gwiwa ko baya, a gyara wuri, kada a taɓa komai. Idan juriya ce, a sauya lokaci tukuna, ragewa ta zo daga baya, kuma da lissafi a gaban kowa. Idan aikin ya zama haɗari gare shi ko ga wasu, a sauya. Sau da yawa za a haɗa biyu, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wanda aka fara saya wa tabarau yana iya komawa sa ido bayan shekara biyar, amma wanda aka sauke daga kan keke da wuya ya sake hawa.

Yadda aka buɗe maganar ma rabin aikin ne. Ba a gaban yara ba, ba kuma ranar da ya yi kuskure ba. Kada ka ce, "Baba, na ga ka gaji." Zai ce, "Lafiyata lau, Alhaji," magana ta mutu. Ka ce, "Baba, wurin nan nake son in gyara, kai ka fi kowa sanin sa. Me ya fi wahalar da mutane?" Zai faɗa maka nasa ciwon da sunan yara. Idan ka girme shi a dukiya ya girme ka a shekaru, wani lokaci gara a bi ta hannun amininsa ko limamin unguwa. Abin da aka amince kuma a yi shi a gaban shaidu, a sa lokacin da za a sake zama, ko bayan salla ko bayan girbi.

Na san abin da wani zai ce: ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, samari na zaune a fada babu aiki, ana maganar riƙe tsofaffi? A aikin gwamnati, inda kujeru ƙidayayyu ne, maganar tana da ƙarfi. A gareji da shagon ɗinki ba haka lissafin yake ba. Yara biyar da ke koyon aiki suna nan ne saboda mutum ɗaya da masu kawo aiki suka yarda da shi. Ya tafi, ba kujera ɗaya ce ta buɗe ba, masu kawo aikin ne za su bi shi ko su watse.

Sallama tana nan, kuma ba abin kunya ba ce idan lokacinta ya yi. Al'adar ubangida ya yaye baransa da jari ita ta kafa Alhazai da yawa a garin nan. Sai dai jarin da ke tayar da ɗan shekara 30 ba lalle ya riƙe ɗan 65 ba. Kuɗi a dunƙule, ranar da labari ya fita, biki da suna da rashin lafiyar dangi za su cinye shi kafin shekara. Ya fi a ba shi abin da ke kawo kuɗi da kansa: amalanke da ɗansa zai riƙa ja, keken ɗinki a zauren gidansa da za a riƙa aika masa da ƙananan ayyuka daga shago, ko jajayen awaki a hannun uwargida. Ko a raba kuɗin, wani kaso a hannu, saura duk wata. Idan kuma yana da rajista a CNSS, maigida ya tabbatar an biya duk watannin da ake bin sa kafin ranar sallama, ya ba shi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar da ya fara, domin za ta yi masa amfani wurin neman fansho.